Yadda Surukina Ya Nutse a Kan Kujera a Kwatano

Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya shanye shayinsa ya ba ni wuri. Ni Lawali, da idona na ga mutum ya nutse a kan kujera busasshiya, cikin ɗakin da ko ɗigon ruwa babu. Kuma ba kowa ba ne, surukina ne, uban matata, kuma ni na kai shi da ƙafata. Tun da munka dawo daga Kwatano kun hana ni sakat a teburin mai shayi, kowa ya zo sai ya ce in sake daga farko. Wasu har sun fara ƙara nasu. Jiya na ji ana cewa wai kada ne ya fito daga bango ya kama shi. To ga yadda abin ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Wanda bai san Baba Manu ba, basarke ne, wato masunci ɗan gado, na ƙasar Kaoje, mai nutso. Tun ban zo duniya ba, in jirgi ya kife ko wani ya faɗa gulbi, shi ake kira. Kuma shina da wata ɗabi'a da duk gidansa an sani. Da ya ga mutum ya shige ƙarƙashin ruwa, sai ya ja numfashi ya riƙe, ko da kuwa shina kan tudu. Ya ce ƙirjinsa shi ne agogonsa: muddin shi bai gaza ba, wanda ke ƙasa ma shina da sauran rai. Ba ya saki sai ya ga kan mutum ya fito, ko hannunsa ya kama shi. Ko shina tsakiyar magana ne, ya hango wani ya yi nutso, maganar ta tsaya ke nan. Ni kuwa da kwaikwayon wanga abu na sha ba ku dariya, Allah Ya yafe min.

Bara likita a Bagudo ya ce jininsa ya hau, ya bar nutso, ya bar duk abin da zai tayar masa da hankali. Shi ya sa ya yanke shawarar sayen injin jirgi ya koma fito, ya riƙa ƙetarar da mutane. Anka ce masu kyau a Kwatano suke. Anka ce wa zai raka shi? Anka ce Lawali, tunda shi kullum shina cika baki ya iya Faransanci.

Safiyar tafiya matata Hajara ta tare ni a zaure, ta damƙa min ƙwayoyin maganinsa a leda. Ba ta yi murmushi ba.

"Ɗaya kullum da sahe. Kuma ka ji ni da kyau. Ubana na ba ka, ba abokin majalisarka ba. Wanga iya shegen naka ka aje shi nan gida. Ka dawo min da shi yadda ka tahi da shi."

Na ce, "Haba, sai ka ce ƙwai."

Ta ce, "Ƙwai in ya hwashe ana samun wani a kasuwa."

Na je Kaoje na ɗauke shi, munka shiga mota zuwa Illo, daga Illo kabu-kabu zuwa Lolo. Baba ya riƙo wani ƙunshin busasshen kifi na tsarabar mai masaukinmu, ya ƙi yarda a ɗaure a bayan mashin, ya rungume shi kamar jariri. A ɓangarenmu na iyaka ba a daɗe ba. Da munka taka ƙasar Benin wani jandarma dogo ya miƙo hannu. Na gyara wuyan riga, na ce masa bonjur da ƙarfi don Baba ya ji. Mutumin ya sako min Faransanci kamar an ɓalle famfo. Na ce wi. Ya ƙara. Na ce wi. Ya tsaya shina kallona. Sai Baba ya matso a hankali ya yi masa magana da Dandanci, sai ga jandarma ya washe baki, har da tambayar mutan gida. Ashe katin rigakafi kawai yake tambaya, ni kuwa ina ta amsa masa da i, i. Baba ya karɓi katunanmu ya yi gaba abinsa. Da ya zage ni ma ya fi min sauƙi.

Abu na farko da ya ba ni mamaki can, hular kwano. Mai mashin da wanda ya ɗauko, kowa sai ya kifa. Mu nan mutum huɗu kan mashin ɗaya da akuya, iska na kaɗa hula. Baba ya ƙi cire hularsa, ya ɗora kwanon a kai, ya zama kamar tukunya a kan tulu. Dariya ta taso min har wuya, na tuna Hajara, na haɗiye.

A Malanbil munka kwana, gidan wani dillalin kifi da ya san Baba. Da la'asar munka sauka bakin gulbi, Baba shina ba ni labarin wata dorina da ta taɓa bin jirginsa. Ya kai daidai inda ta buɗe baki sai ya yi ɗif. Na duba, ashe wani masunci ne ya nutsa kwance tarunsa da ya maƙale. Baba ya kafe wurin da ido, ƙirji a cike. Sai da kan mutumin ya ɓullo sannan ya furzar, ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba abin da ya faru. Ku riƙe wannan. Ni ban riƙe ba.

Motar Kwatano babba ce, kowa da lambar kujerarsa, kuma in lokaci ya yi sai ta tashi ko ba ta cika ba. Na rantse na ga kujera biyu babu kowa, direba ya ja mota. A tashar Bagudo da an ce ya haukace. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, in ka gatsa dasashinka ya san ka ci. A Faraku anka tsaya, munka ci sakwara da cukun Fulani soyayye a cikin miya, wagashi suke ce masa. Baba ya ce wannan kam sun iya. Ƙunshin kifinsa kuwa, kafin mu kai rabin hanya duk motar ta san da shi. Wata mata a gabanmu ta fesa turare har sau ukku, ta haƙura.

Kwatano gari ne na 'yan kabu-kabu masu riga ruwan ɗorawa, kamar an watsa fara. Mai masaukinmu Alhaji Saidu, mutumin Illo ne da ya daɗe a unguwar Zango shina sayar da atamfa. Ɗakin baƙinsa tsaf, sai dai zafinsu ba irin namu ba ne. Namu shina ƙona ka, nasu shina dafa ka. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Da safe ya kai mu munka ga teku. Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Wanga ruwa ba shi da ƙetare. Ban son ruwan da ba shi da ƙetare."

Daga nan sai shagon injuna. Mun zaɓa, ana cikin gwadawa, sha biyu da rabi ta buga. Mai shago ya kashe inji, ya jawo ƙofa, ya ce a dawo bayan ƙarfe ukku. Na ce lafiya, rasuwa anka yi? Alhaji Saidu ya ce a'a, abinci zai ci ya kwanta, haka suke yi kullum. Mai saye a tsaye, mai kaya ya tafi barci!

To a nan Shaiɗan ya same ni. Bayan mun yi azahar, muna neman inuwa, Alhaji Saidu ya nuna wani gini ya ce silima ce, ciki sanyi kamar firji. A ƙofa an manna hoto: ruwa baƙi ƙirin, da hannun mace ya fito daga ciki. Ba sai ka iya Faransanci ba ka san fim ɗin tsoro ne. Zan faɗi gaskiya tunda ranar faɗinta ce. Raina ya ce min, Lawali, mutumin da dorina ba ta firgita ba, in ka ga ya zabura a kujera sau ɗaya, ka samu labarin shekara. Sai na russuna na ce, "Baba, nan ana nuna gulbin ƙasar Turawa da irin jiragensu. Ku shiga ku huta, ku ga injunansu."

Ya ce, "In da injuna, mu je."

Ku cire gidan kallon Bagudo daga ranku, inda ake zama a benci, janareto na ihu, wanda ya taɓa gani shina faɗin abin da zai faru, ana jifarsa da ɓawon rake. Can kujera mai laushi ce, ta haɗiye ka. Allon ya kai bangon masallacin Juma'a. Sunka kashe wuta, duhu ya rufe har ba ka ganin hannunka, ga sanyi. Kuma kowa shiru. Mutum fiye da ɗari, ba mai tari. Ni shirun nan ya fara tsorata ni tun ba a fara ba.

Na zauna tsakiya, Baba a damana wajen hanya, Alhaji Saidu bayanmu. A haguna wata mata ce ƙatuwa mai gilashi, da kwalin gugguru a cinya.

Sautin nan ba daga gaba yake zuwa ba. Daga bayanka yake zuwa, daga ƙarƙashin kujera, ya shiga ta ƙafarka ya zauna a cikinka. A fim ɗin ruwan sama ake yi ba ƙaƙƙautawa, wani gari gulbi na cinye shi kaɗan-kaɗan, kuma akwai wani abu a cikin ruwan da ba su nuna maka. Sai dai ka ji shi shina gurnani a bayan kunnenka. Sau biyu ina waiwayawa. Na ɗauke ƙafafuna daga ƙasa na naɗe a kujera, don na rantse na ji ruwa a idon sawuna. Wata ƙofa ta buɗe da ƙarfi a fim, matar haguna ta ƙwala ihu ta watsa min gugguru, ta damƙe min hannu da farce. Ni ma na yi ihun, amma nawa ya shige cikin nata, ba wanda ya gane. Wani mutum a gaba ya tashi ya fita shina dafe bango.

Na saci kallon Baba. Zaune yake daram, shina tsintar guggurun da ya zubo masa a riga shina ci. Har ya sunkuyo ya ce min, "Wanga mai jirgi na cikin hoton bai iya tuƙi ba. Dubi yadda ya ba igiyar ruwa gehe." Na ce a raina, Lawali, ka haƙa ramin nan ka faɗa kai kaɗai.

Sai gada ta karye da wata mata a cikin mota.

Motar ta shige ruwa da ka. Ruwa ya fara shigowa, ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya kai wuya. Ta manna baki a rufin mota ta ja iskar ƙarshe. Ruwa ya rufe ta. Nan take duk sautin ya mutu, sai bugun zuciya kawai, dum, dum, dum, har kujera na motsi. Na ji wani ɗan sauti a damana, kamar an zuƙi fura da ƙarfi. Na ji shi sarai. Amma tsoro ya cika min kai, ban fassara shi ba.

Masu fim sunka bar ta can sunka nuno mijinta shina gudu a bakin gaɓa. Sunka nuno wasu suna buga waya. Sunka dawo kanta, tana kokawa da bel ɗin kujera. Sunka koma kan mijin, ya faɗi ya tashi. Sunka nuno wani tsoho shina kuka. Sunka dawo, tana dukan gilashi da takalmi. Masu fim ba ruwansu da ƙirjin ɗan Adam, sai jan abin suke yi.

Can na lura na daina jin taunar gugguru.

Na juya. Hasken allo shuɗi ya faɗa a fuskar Baba. Idonsa a waje, kumatu a cike, jijiyoyin wuyansa sun miƙe kamar igiyar taru. Ƙirjinsa ba ya motsi. Hannayensa sun damƙe kujerar gaba. A lokacin Malanbil ta faɗo min, likitan Bagudo ya faɗo min, fuskar Hajara a zaure ta faɗo min, duk a tare.

"Baba. Baba, hoto ne. Ku saki."

Ko gezau.

Ku da kuka san kunyar suruki, shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, a tsugune nake gaishe shi. Ranar na kama kafaɗarsa na girgiza kamar ina kaɗe mangwaro. Jikinsa kamar icce. "Baba, don Allah ku yi numfashi! Ba gaske ba ne! 'Yar wasa ce, tana gidansu tana cin abinci!"

Ya ture hannuna ya miƙe. Ya fita hanyar tsakanin kujeru ya nufi allon, a sunkuye, yadda yake nufar gulbi. Taku ɗaya, biyu, ukku. A na huɗu ƙafafunsa sunka naɗe, ya kife, goshinsa ya bugi hannun kujera.

Ban san da wane harshe na yi ihu ba. Salati nake, ina kiran Alhaji Saidu, ina kiran uwata. Na juyo shi, jiki sake, ido ya juye, leɓe ya yi baƙi. Wallahi abin da na gani a gabana shi ne doguwar hanyar nan tun daga Kwatano har Lolo, ni da makara a bayan mota, da jandarman nan shina tambayata takarda, da Hajara a ƙofar gida tana duban bayana ta ga inda ubanta yake. Duk tsoron da fim ya ba ni wasa ne. Wannan shi ne tsoro.

Anka kunna wuta, anka tsayar da fim. Sai matar haguna, mai ihun nan, ta ture ni gefe da gwiwa. Ashe nas ce. Ta shimfiɗe shi, ta ɗaga masa haɓa, ta sa Alhaji Saidu ya ɗaga ƙafafunsa sama, ta kara kunne a bakinsa. Mutane sun kewaye mu. Ni ina durƙushe ina yi wa Allah alkawura, har na ce na bar zolaya har abada.

Sai ƙirjinsa ya yi wani irin ja, kamar tsohon famfo ya kamo ruwa. Ya yi tari. Ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi rufi. Abin da ya fara cewa shi ne:

"Ta hito?"

Na ɗaga kai. Jama'a, inda sunka tsayar da fim ɗin, matar na nan a allo, ƙatuwa, cikin ruwa, baki a rufe, hannu a gilashi. Baba ya bi idona ya gan ta. Na ga ƙirjinsa ya fara cika kuma. Na fizge hulata na rufe masa fuska, hular kaina a fuskar surukina, ina roƙon Alhaji Saidu ya ce su kashe. Baba ya cire hular ya ce ba inda za shi, ba ya barin mutum a ƙasan ruwa ya tafi. Nas ta tambayi abin da yake faɗi, Alhaji Saidu ya fassara mata. Sai ta ɗaga hannu ta yi wa mai na'ura magana, ya saki fim ɗin.

Haka munka ƙarasa wurin. Baba zaune a ƙasa, nas riƙe da wuyan hannunsa, ni a tsugune ina cewa, "Ku shaƙa, Baba. Ku fitar. Ku shaƙa." Da gilashin ya fashe matar ta ɓullo sama ta ja iska, duk ɗakin sunka ja tare da ita, har da tafi. Baba bai yi tafi ba.

"Ƙarya ta," ya ce. "Wagga mata ta mutu tun sadda mijinta ya hwaɗi na farko. Ba ɗan Adam da ke kai haka."

Nas ba ta bar mu ba sai da ta raka mu wani ƙaramin asibiti anka auna shi. Jinin ya hau sosai, anka ce ya kwanta yini guda. Sai bayan kwana biyu munka ɗauki injin. Ina zaune gefen katifarsa a gidan Alhaji Saidu, na kasa haɗa ido da shi, na ce, "Baba, ai kun san hoto ne."

Ya ce, "Kaina ya sani. Ƙirjina bai sani ba." Sannan ya ce wata shekara da ruwa ya ci gonakin shinkafa, wani abokinsa ya faɗa gulbi. Shi Baba ya riƙe numfashi, ya nutsa ya nema, ƙirjinsa ya gaza, ya saki, ya ce shi ke nan, ya hau jirgi ya zauna. Da anka fito da mutumin bayan ɗan lokaci, jikinsa da ɗumi. "Tun ran nan ban sake saki da kaina ba."



Sai da munka kusa Lolo a hanyar dawowa na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, don girman Allah, kada Hajara ta ji." Ya ce, "Ba ta ji daga gare ni."

Kuma bai faɗa ba. Da Hajara ta zo yi masa sannu da zuwa ta ga ƙulun goshinsa ta tambaya, na ce hular kwano ce ta matse shi. Ta dube shi, ya ce hulunan can ba su da daɗi. Magana ta mutu. Na kwana biyu ina tafiya kamar malami.

Rana ta ukku na zo teburin mai shayi, kunka ce Lawali yaya Kwatano. Na ce ba komai. Kunka ce haba. Na ce to, amma ya tsaya nan. Kun san sauran, har da tashi na yi ina kwaikwayon takun nan huɗu. Kafin la'asar labari ya kai wurin masu ɗibar ruwa a famfo. Da na koma gida, Hajara ta ɗauki mayafinta da goyonta ta tafi Kaoje duba ubanta. Duba uban nan ya kai kwana goma sha ɗaya.

Na shirya na tafi biko. Na same shi a bakin gulbi shina shafa wa sabon injinsa mai, lafiyarsa lau. Na tsuguna nesa, na ba da haƙuri har muryata ta dishe. Ya sa anka kira ta, ya ce ta koma ɗakinta, shi ya yafe, wauta ce ba mugunta ba. Ta tafi haɗa kaya ba ta ko kalle ni ba. Da na tashi a nan na yi godiya na tafi, da na tsira. Amma kun san ni. Don in rage wa kaina nauyi sai na ce, "Baba, ni abin da ya ɗaure min kai, ko wa ya kai mata maganar nan?"

Ya ajiye tsumman hannunsa, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ni da hawan jinina na riƙe numfashi har na suma. Kai da lahiyarka kwana ukku ka kasa riƙe bakinka."